Bargunan da Muka Shanya a Nanjeli

Tudun Nanjeli, Mozambik,
farkon Oktoba.

Zuwa ga Mohapi ɗan Baba Mokhethi,

Kai Mohapi, kana iya barci kuwa? Tambayarka nake yi. Kana iya miƙe ƙafa a ɗakin innarka har rana ta fito, alhali ka bar ni nan sauro yana cin rabona da rabonka?

To, na huce. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ka isa Lesotho lafiya, ka tarar da mutanen gida ƙalau. Yaya Baba, yaya Inna, yaya tumaki da haihuwar bana? Yaya kunnen nan naka da ƙarar nakiya ta kashe? Na ji an ce saboda shi za su sallame ka daga soja. Kada ka damu, dama ko da yake da rai ba ka jin magana da shi. Direban motar abinci ne zai fito da takardar nan, don waya a nan sai ka hau bishiya, kuma ba kowace magana ake yi a cikinta ba.

Tun da aka raba rundunarmu biyu, kuka tafi, ban ga abin da ya ragu ba sai mu. Manya sun zauna a birni cikin sanyi sun ce rabinmu ya isa tsare wannan yanki. Ina so wani ya zo ya gaya wa tudun nan haka, ko ya tsuke. Kogi yana nan da tsawonsa, daji yana nan da faɗinsa, mutanen da suka ƙone garin Nanjeli suna nan a cikinsa. Ka sauka daga wannan gadi, ka haɗiye tuwon masara a tsaye, ka hau wancan. Jiya Saja Makhetha ya yi gyangyaɗi da cokali a baki, ba wanda ya samu ƙarfin yi masa dariya.

Bari in ba ka labarin bargonka, na san shi ne a ranka, ba ni ba. Ka tuna an ce jirgi ya cika da kayan aiki, kowa jaka ɗaya, barguna a biyo ku da su daga baya? Har yau ana biyo ku. Ƙasar nan kuwa laima gare ta, ko gishiri jiƙewa yake yi. Saja ya buɗe tantin ajiya, warin fumfuna ya mare shi, ya fito yana zagin kakannin jirgin. Ya ce ba zai koma gida ya kalli idon mutum ya ce masa bargonsa ya ruɓe a hannunsa ba. Don haka kowace safiya muna fito da su duka, namu da naku, mu shanya a kan waya a saman tudu, kamar yadda ake yi a gida. Naka ni nake shanya shi, shuɗin nan mai zanen masara da kawunka ya yafa maka ranar da muka sauko daga dutsen kaciya. Layinsa a tsaye nake sa shi yadda al'adarmu ta ce, ban taɓa gicciye shi ba. Har yanzu yana warin taba da warin doki. Wani lokaci nakan daɗe ina kakkaɓe shi fiye da sauran. In ka gaya wa kowa na faɗi haka, sai na kashe maka ɗaya kunnen.

Tafintanmu ma da ku ya tafi. Ka san wa ya gaje shi? Ni. Ni da ban taɓa zama a aji ba, wanda ya koyi karatu a jikin buhun abincin tumaki a bukkar kiwo, kuna dawowa daga makaranta kuna yi mini dariya. Na tsinci wani littafin Suwahili rabinsa a ƙone a makarantar garin, ina bi a hankali. Abin da littafi bai ba ni ba, Mama Ancha tana ba ni. Ka tuna ta, tsohuwar da ke hayowa daga sansanin masu gudun hijira tana sayar mana da soyayyen kifi a bakin ƙofa? In na yi kuskure sai ta ce, "Kai ɗana, bakin nan naka ya fi kanka gudu. Maimaita." Ta tambayi dogon nan mai dariya, wato kai. Na ce kana nan kana barcinka, don an hana mu maganar wa ya tafi, wa ya zauna.

Ka gaida kowa. Ka duba mini ƙofar garken kakata, ta saki tun bara.

Naka, ko da ka gudu,
Nthako.

Tudun Nanjeli,
tsakiyar Nuwamba.

Mohapi ɗan'uwana,

Gaisuwa da fatan alheri. Na samu takardarka, rubutun kamar kaza ta bi ta kan toka, amma na gode. Na ji daɗi da ka gyara ƙofar. Yaya ƙafar Baba? Ka ce ruwa ya sauka a gida, Ubangiji ya sa ya ɗore.

Yau ba ni da wasa da yawa. Mutanen Nanjeli suna dawowa.

Da farko mutum ɗaya ne, ya ɗauro kwanon rufi a keke. Sai mata da tukwane, sai awaki, sai hayaƙi ya fara tashi daga gidajen da muka saba gani baƙi ƙirin. Na yi murna, Mohapi, ban ɓoye maka ba. Ka san yadda kangon gari yake danne zuciya. Mama Ancha ta dawo da surukarta Zura, mai tsohon ciki, wadda aka kashe mijinta a farkon tashin hankalin nan. Na taya su ɗora ciyawa a ɗaki. Da muka gama ta ba ni kifi, na ce, "Mama, me ya ba ku ƙarfin halin dawowa?"

Ta yi dariya ta nuna tudu da haɓa. Ta ce, "Ranar da motocinku suka bi hanyar birni maƙil da mutane, zama na yi na sha kuka. Na ce shi ke nan, a sansani za a binne ni. Wata safiya na ɗaga kai, sai ga bargunanku jere, ja da shuɗi da rawaya, ko ɗaya bai ragu ba. Na ce wa mata, ku share hawaye. Mutumin da ke yafa bargo a cikin zafin nan, ai sai ya bar matarsa kafin ya bar shi. Mahaukatan suna nan."

Ba a barin kowa ya hau tudu, don haka ba su san tantuna nawa ne babu kowa a ciki ba. In sun ga fuskokinmu kaɗan a gari, sai su ce sauran suna sintiri a daji. Mu muna ceton ulu daga fumfuna, ashe kiran mutane muke yi da shi su dawo da jarirai.

Ban tsaya wurin Saja ba, na wuce kai tsaye wurin Kyaftin Ralebitso. Ka san bakina. Na ce a sauke bargunan yau, a tara mutane a gaya musu gaskiya. Na ɗauka zai daka mini tsawa. Bai yi ba. Idonsa ja kamar garwashi, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ce, "Nthako, kana tsammani tsofaffin mata ne kaɗai ke kallon tudun nan? Na cikin daji ma suna da ido. Abin da aka faɗa a kasuwa da hantsi, kafin rana ta karkata yana kunnensu. Gobe ma a shanya, kuma ka kama bakinka. Umarni ne." Ya ce ya aika sama yana neman ƙarin mutane, an ce ana dubawa. Ban tsane shi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da mugu ne da na samu wanda zan zaga.

Shekaranjiya aka yi taro a gindin mangwaro. Mai garin, wani dattijo Sualehe, siriri mai farar hula, ya miƙe ya ce gonakinsu masu kyau suna can bakin kogi, nesa da tudu, damina kuma ta kusa. Su shuka ko kada su shuka? Kyaftin ya dube ni ya ce, "Gaya masa muna nan." Na juya na gaya masa da Suwahilin da Mama Ancha ta gyara mini. Ba ƙarya ba ce, ai muna nan. Dattijon ya kama hannuna da hannu biyu ya sa mini albarka, jama'a suka shafa.

Kai da ka yi makaranta, gaya mini sunan abin da na yi.

Ka gaida Inna, ka ce ta sa ni a addu'a, amma kada ka ce mata komai.

Naka,
Nthako.

Tudun Nanjeli,
farkon Disamba.

Mohapi,

Ina gaisuwa. Ina fatan kai da mutanen gida kuna lafiya, kuma takardar sallamarka ta fito ba tare da sun wahalar da kai ba. Ni lafiyata ƙalau, sai bayana da ke ciwo, za ka ji dalili.

Abu na farko, na ba da aron bargonka. Zauna tukuna kafin ka fara zagi.

Zura ta haihu, mace, amma ta zo kafin lokacinta. Ruwa ake yi kwana da kwanaki, ɗakinsu yana yoyo, iska tana shigowa daga teku. Da hantsi aka ce ana nemana a ƙofa, na tarar da Mama Ancha a jiƙe sharkaf, ba kifi a hannunta. Ta ce jaririyar ba ta ɗumi, duk zannuwansu sun jiƙe, in ara mata bargo. Na ruga na ɗauko naka, don nawa ka san shi, toka-tokan nan na makiyaya, zai kankare fatar jariri.

Ta shafa shi, ta juya shi, sai ta miƙo mini. Ta ce, "Wannan ba naka ba ne. Naka mai kaushi ne kamar bakinka. Wannan na dogon nan ne mai dariya. Je ka tambaye shi tukuna, ba na lulluɓe jikata da abin da mai shi bai ba ni ba."

Amsa tana nan a shirye, Mohapi. In ce kana sintiri, ka kuma ce a ba ta. Kalmomi kaɗan, ta tafi da murna. Na buɗe baki, sai na tuna a bakin kogi matar nan ta yi shuka, kuma da Zura ta warke can za ta goya yarinyar ta tafi. Na ce, "Mama, mai shi yana can kan dutsen garinmu yana shan kunu. Da shi da mai jan can, da mai rawayan can. Rabin abin da kike gani a kan waya, masu shi ba sa ƙasar nan. Ba mu da mutanen da za su tsare bakin kogi."

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun kafin ku dawo."

Ta kalli tudu, ruwa yana bin fuskarta. Sai ta kama kunnena ta murɗe, irin murɗar da kakata ke yi mini in na bar tunkiya ta shiga gona, ni da bindiga a kafaɗa. Ta ce, "Kuma ka zauna ka ci kifina." Ba ta ƙara zagi ba. Ni kuwa da ta yi ta zagina da na fi samun sauƙi. Can ta sake ni, ta karɓi bargon ta cusa a ƙarƙashin mayafinta. Ta ce, "Ba zan kai maganar kasuwa ba, ni ba yarinya ba ce. Mata zan gaya wa a bakin rijiya, ɗaya bayan ɗaya. Maza cikinsu kwando ne. Kai kuma ka goge hancinka, soja ne kai ko me?"

Ka ga aikin mata? Ba taro, ba hayaniya. Wannan ta ce ƙafarta ba za ta iya tafiyar kogi ba. Waccan ta ce ta yi mummunan mafarki. Wata ta ɓoye fartanyar mijinta har sai da ya yarda. Cikin 'yan kwanaki sai ga su suna tona ƙasar gindin tudu, mai tsakuwa, wadda da ko akuya ba sa ɗaurewa a kai, mazan suna gunaguni ba su san me ya same su ba.

Ni na kai kaina wurin Kyaftin, don ban iya cin tuwo da abu a ciki ba. Ya saurara har na gama. Ya ce in maganar ta isa daji, jinin da zai zuba da hannuna a ciki. Na ce in ba ta isa gari ba fa, hannun wa? Saja ya taka mini ƙafa. An ba ni horon cika buhunan yashi, shi ne ciwon bayan. Amma da zan fita na ga Kyaftin ya sauke numfashi kamar wanda aka karɓar wa kaya.

Sun sa wa yarinyar suna Sifa. Na je na gan ta. Ta ɓace a cikin bargonka, sai ɗan hanci kawai, tana barci a kan zanen masara. Tana shan nono yanzu. Ina ganin ba ka taɓa yin abin kirki irin wannan ba, kuma ba ka ma nan.

Ka yafe mini aron. Gaisuwa ga duk wanda ya tambaye ni.

Nthako.

Tudun Nanjeli,
ƙarshen Janairu.

Ɗan'uwana Mohapi,

Salama gare ka da gidanku duka. Yaya Baba da Inna, yaya kakata? Na ga saƙonka cewa Sifa ta riƙe bargon har ta yi aure. Na fassara wa Mama Ancha, ta ce dama ta san dogon ya fi ni hankali. Yarinyar ta yi kumatu. Mu ma a tudu ba wanda ya ji rauni. Na fara da waɗannan ne don abin da ke biye ba shi da daɗi.

An kashe dattijo Sualehe.

Shi kaɗai ya rage yana zuwa bakin kogi. Matarsa ta rasu a sansani, ba wadda za ta ɓoye masa fartanya. Mama Ancha ta yi masa magana, ya ce zancen mata ne. Sai na same shi da kaina a bayan ɗakinsa yana gyaran keke, na gaya masa komai, ban rage ba. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Yaro, wacce zan ɗauka? Wadda ka faɗa a gindin mangwaro gaban jama'a, babbanku yana tsaye, ko wadda kake raɗa mini a bayan ɗaki? Ni na ce wa mutane su dawo. In na bar gonata saboda raɗa, gobe garin nan ya watse. Abin da aka faɗa a fili, a fili ake janye shi. Babbanku ya zo ya faɗa, ni ne farkon wanda zai bar kogi."

Na kai wa Kyaftin. Ya ce ba shi da ikon faɗa sai an ba shi daga sama. Ya tambaya a gabana, na ji da kunnena. Aka ce ya jira.

Muna jira mutanen dajin suka fito, da rana tsaka, ta cikin karan masara. Mun ji harbi, mun ga hayaƙi. Kafin a samu waɗanda za a cire daga gadi ba tare da an bar gari a buɗe ba, kafin mu kai kogi, sun ƙone bukkokin gona sun koma daji. Dattijon kaɗai suka samu. Masararsa ta kai ƙirji, Mohapi, kore shar, ban taɓa ganin mai kyaunta ba. Mu muka ɗauko shi. Mutanensa suka yi masa sutura irin tasu, muka tsaya a gefe da hula a hannu.

Da ba a yi maganar rijiya ba, da rabin gari suna wurin a ranar, har da Zura da goyo. Haka Saja yake ce mini. Amma wa ya san ko maganar rijiyar ce ta tsallaka kogi ta gaya musu bakin ruwa ba mai tsaro? Ba wanda zai iya gaya mini, kuma na daina tambaya. Na dai san da bakina aka ce wa tsohon nan muna nan.

Yanzu ga wata sabuwa. Direba ya ce ana raɗe-raɗin mu ma da muka rage za a kwashe mu kafin girbi. Kyaftin ya ce bai ji ba, bai kuma ce ƙarya ba ne. Jiya Mama Ancha ta tsayar da ni a gefen 'yar gonarta ta gindin tudu. Ta ce, "Ɗana, za ku kai girbi?" Kafin in yi motsi ta ɗora yatsa a bakina. Ta ce, "A'a, kada ka amsa. Kai ma ba ka sani ba. Ka nemo mini wanda ya sani." Sai ta ba ni dafaffen rogo ta ce na rame.

Shi ya sa na rubuto. Ka ce a takardarka wani babba zai zo daga birni pitso, wato taron jama'ar gari, a ƙofar sarkinmu, ya rataya muku lambar yabo, ku da kuka dawo. Kai yanzu ba kaki a jikinka, ba mai sa ka cika buhun yashi. Ka gaida kowa da kowa, ka ce wa kakata ina cin abinci. Sa'an nan ka kama hannun Baba Mokhethi, don muryarsa tana kaiwa bayan taro, ku tsaya a tsakiyar fili. Kada ka yarda a ja ka gefe, kada ka yarda a ce ka zo ofis. Ba sai ka faɗi yawanmu ba, ba sai ka ambaci tudu ba. Ka ce akwai wata tsohuwa a Nanjeli, da jika a bargon ɗan garin nan, tana tambaya: waɗanda kuka aiko su tsare mu, za su kai girbi, ko mu ɗaure kayanmu tun da sauran hanya? Wanda ya raba rundunar nan biyu yana da suna, yana da baki. Ya miƙe tsaye a gaban sarki da iyayenmu ya ce e ko a'a, da ƙarfi, yadda mai kunne ɗaya ma zai ji. Kada ka zauna sai ya amsa.

Naka har kullum,
Nthako.